Kunun Ots Mai Ƙamshin Amarya

Soundview

Ina sallame sallar asuba na suri kwalin Hajiya Uwale na fito daga unguwarmu ta Soundview, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka biya wa kujerar Makka. Yau za a rufe kwantenata ta farko! Buhunan ots ne, hatsin nan na Turawa da ake damawa kamar kunu, zan aika wa ƙanwata Rabi a Kano ta fara sana'a, don masu ciwon suga nemansa suke ido rufe. Adashina na shekara kaf yana cikin buhunan nan.

Kun san halinmu: da an ji kina da kwantena, kowa sai ya tuna yana da dangi a gida. Na zille wa kowa, ban da Hajiya Uwale, maƙwabciyata, wadda ta yi min wankan jego a garin da ba ni da uwa. Jiya ta kawo turare da sabulu na lefen jikanta, ta ce, "'Yar nan, cusa min shi tsakanin buhunan, ba zai ci wuri ba." Kwalin ya kwana a kicin, jikin buhun da na buɗe don gwaji.

Jirgin ƙasa

Na shiga mai lamba shida, na sauya zuwa mai lamba huɗu har ƙarshen Manhattan. Duk wanda ya shigo sai ya buɗa hanci ya waiwaya saboda ƙamshin kwalin. Ni kuwa sai ƙara gyara zama nake, ina jin kaina hajiyar kwantena.

Kan ruwa

Jirgin ruwan Staten Island kyauta ne, abin da har gobe yake ba ni daɗi. Na sami wuri bakin taga, na buɗe filas ɗin kunun da na dama daga buhun gwajin. Kurɓa ɗaya na yi, saura kaɗan in fesa wa wani Bature a kwat. Turare zalla! Na yi ta dariya har da hawaye, sai kuma na tuna buhunan. Kwana ɗaya ke nan a kicin mai taga. Ina ga makonni cikin ƙarfe a rufe, rana na dukansa a tsakiyar teku? Wa zai sayi wannan a hannun Rabi?

Tompkinsville

Daga tashar ruwa na hau bas zuwa siton Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi mai harkar aika kaya. Aikinsa ya burge ni: buhuna a kan katako, ba su taɓa ƙasa ba, ba su jingina da bangon ƙarfe ba, ga jakunkunan shan danshi a rataye.

"Madam, akwai sifes, wuri bai cika ba, kawo kwali mu cusa," in ji shi.

"Alhaji, sha wannan tukuna."

Ya kurɓa, ya zare ido. "Kai! Wannan koko ne ko amarya?"

Aka rufe kwantena ban da kwalin. Da aka ɗaura hatimi sai na rangaɗa guɗa har leburori suka firgita. Alhaji ya saya min shinkafa da wake irin ta Gana, na cinye tas.

Komawa gida

Wallahi kwalin ya fi nauyi a dawowa. Ta yaya zan kalli matar da ta gasa min jiki in ce saƙonta bai tafi ba? Bayan la'asar na yi sallama a ƙofarta. Ta dubi kwalin, ta dube ni, fuskarta ta sauya.

"Mama, don Allah ki ɗanɗana kafin ki yi min faɗa."

Na zuba mata sauran kunun, na gaya mata komai. Ta kurɓa, ta ƙara kurɓa.

"Kwana ɗaya kika ce? Kwalin ma a rufe?"

"E, Mama."

Sai ta buga cinya. "Alhamdulillahi! Ashe ba jabu suka sayar min ba! Ajiye shi can, mai tafiya ta sama ya kai. Da kin ɓata wa Rabi jari saboda kunyata, da ni zan fara zane ki."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Mumuni. Filas ɗina dai har yanzu yana wurin Hajiya, tana bi ɗaki ɗaki tana ba maƙwabta su ɗanɗana.