Tukunyar da lauya ya tafi da ita

Shekarar da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan ne wani lauya ya fara zuwa unguwarmu. Tsofaffi sun san gidansu. Sun ce kakansa ɗan majalisa ne tun zamanin Nasara, shi kuma a ƙasar waje ya karanto shari'a. Ya ce ya zo ne ya kai kukanmu kotu.

Gida-gida yake shiga da wata 'yar na'ura kamar rediyo. Da ya kara ta a jikin tukunyar da nake dama wa ɗana kunu, sai ta hau ƙara, ƙat-ƙat-ƙat.

"Ƙanwata, ina kika samo wannan?"

"Kasuwa, ranka ya daɗe. Wurin maƙera."

Ya ce da tsohon ƙarfen wurin haƙar ma'adini aka ƙera ta, guba ce a jikinta. Ya naɗe ta a buhu, wai shaida ce, alƙali zai gani. Ban hana ba. Tun ranar, ko atishawa yaron ya yi sai in jawo shi jikina. Ina duba idonsa, ina duba harshensa, ban ma san abin da nake nema ba.

Kotu dai ba mu ji ta ba. Hotonsa muka gani a jikin kabu-kabu, yana takarar ɗan majalisa. Ya ci.

Da ya dawo godiya, ya yi ƙiba, rigarsa sai ƙamshi. Na kutsa cikin mata da yaron a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai tukunyar. Me alƙali ya ce? Yaron nan ya sha kunu a cikinta tun yaye."

Ya dube ni, bai gane ni ba. Ya yi dariya, ya ce wa direbansa, "Baiwar Allah tukunyarta take bi! A sayo mata sabuwa."

Mata suka yi guɗa. Kafin la'asar direban ya kawo ta, tana sheƙi. Na san aikin, na maƙeran nan ne dai na kasuwarmu. Na ce don Allah a kara mata na'urar. Ya ce ai na'urar aro ce, an mayar tuntuni.

A cikinta nake dama kunun yanzu. Wani lokaci, kafin in ɗora ta a wuta, nakan kara kunnena a jikinta. Ba na jin komi.