Kunnen Jikana

Assalamu alaikum. Ni dai tsohuwa ce, ban taɓa zama ajin lekol ba, wato makarantar boko, da baki nake faɗa ana rubuta mini. A wancan zamanin ina tuyar ƙosai a unguwar New Bell, ina riƙe da jikana maraya, ɗan 'yata da ta rasu. Mijina nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya mai furfura. Unguwarmu ba ta da nisa da filin jirgi, yaron nan kuwa daga ƙara kaɗai yake gane jirgin da zai sauka. Yakan ce shi ba tuƙi yake so ba, so yake ya zauna a hasumiyar filin jirgi ya riƙa ba direbobin jirgi umarni, kamar yadda nake ba shi.

Sai shekarun kiris suka zo, wato na rikicin siyasa, gari ya mutu. Kasuwa a rufe, taya na ci da wuta a titi, ba taksi ko ɗaya. A cikin wannan hali kunnensa na dama ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Asibiti ba hanya. Na yi abin da na ga uwata tana yi: na ɗumama manja da tafarnuwa na ɗiga masa, na sa gashin kaza ina share ciki. Yana kuka yana riƙe zanena, ina lallashinsa. Ruwan ya tsaya, na yi hamdala. Da gari ya lafa, hanya ta buɗe, ban kai shi wajen dokta ba, don a ganina abin da ya daina ciwo ya warke. Na lura in na kira shi sai ya juyo da gefen hagu, har ina tsokanarsa wai mijina ya fara yanga.

Yaro ya yi karatu, Allah ya sani. Ya bi ajin lissafi a lise, wato sakandare, ya ci bak, jarrabawar gamawa, ya zauna konkur na shiga makarantar aikin jiragen sama da ke Yamai, ya ci. Ranar nan kyauta na raba ƙosai. Saura gwajin lafiya kawai. A wani asibiti a unguwar Akwa aka sa masa wani abu a kunne, aka ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙara. Ta hagu ya ɗaga, ta dama shiru. Likita ya ce tantanin kunnen ya daɗe da hujewa, mai aikin hasumiya kuwa dole kunnuwansa biyu su ji sarai, rayukan mutane ne a hannunsa. Ya ce da an kawo shi yana ƙarami, da wataƙila an ceto jin.

Da ya dawo ya faɗa mini, sai na zauna a ƙasa. Na ce masa ni ce, hannuna ne. Ya durƙusa ya kama hannun nan, ya ce hannun da ya ciyar da shi ba ya neman gafara a wurinsa. Ya ce ma riba ya ci, yanzu in na fara faɗa sai ya juyo mini kunnen dama. Muka yi dariya, hawaye na zuba.

Wani malaminsa ne ya nuna masa cewa makarantar tana koyar da gyaran na'urorin da hasumiya ke magana da su. Da shekara ta zagayo ya sake zama, ya ci, suka karɓe shi. Aikin da yake yi ke nan har yau, da iyalinsa. Amma kujerar da ya so, wani ne a kanta.

'Yan'uwana mata, ciwon da ya yi shiru ba lallai ya tafi ba. In yaronku ya ce aikin jirgi yake so, ku kai a duba masa ido da kunne tun yana ƙarami, ku tambayi malamai hanyoyin karatun, don suna da yawa. Ni jikana ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ban so wata kaka ta buƙaci irin wannan yafiyar.