Sugan Aljihun Auta

Ba mu da firij a lokacin, kuma ko da muna da shi, wutar unguwarmu a Samaru ba abar da mutum zai ba amanar rai ba ce. Saboda haka a tukunyar ƙasa maganin Auta yake zama. Ƙarama a cikin babba, yashi a tsakaninsu, safe da yamma ina jiƙa yashin. Kwalbar insulin tana can ciki a ɗaure cikin leda. Wata nas ce ta koya mini a asibiti.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe. Tana ajin ƙarshe na firamare ta fara ramewa, ruwa ba ya isarta, fitsari ba ya barinta ta zauna. Sai da muka gama jiƙe-jiƙenmu na gida sannan muka je asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, irin na yara, sai allura safe da yamma har iyakar rayuwa. Na ce masa ai wannan ciwon tsofaffi ne masu teɓa. Ya ce, "Hajiya, ga ta nan a gabanki." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ban da ƙarfin gyara masa.

Nas ɗin ce ta zaunar da ni ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Ta ce kowa hawan suga yake tsoro, alhali ga mai allura faɗuwarsa ta fi saurin kisa. In yarinya ta yi allura ba ta ci ta ƙoshi ba, ko ta yi aikin ƙarfi, sai sugan jikinta ya yi ƙasa. Za ta yi zufa, jiki ya ɗauki rawa, ta kama faɗa ko surutai. A wannan lokacin maganinta suga ne, shi ɗin dai da ake hana ta. Ta ce, "Kada ta fita ba shi a aljihu. Gara ta manta biro." Tun daga ranar nake ƙulla mata ƙwayoyin suga, irin na kwali, a 'yar leda.

A shekarun nan ni ma ɗaliba ce. Sai da na haura arba'in na fara riƙe fensir, a makarantar manya ta yamma, a kan bencin da jikokin wasu suka tashi a kai da rana. Na san yadda ake ji mutum ya tsaya a gaban allo a asibiti yana jiran wani mai tausayi ya karanta masa inda zai bi. Abu na farko da karatuna ya amfana mini shi ne lambar da ke fitowa a na'urar gwajin jinin Auta. Da idona nake karantawa, ban aika a kira kowa ba. To wanda ya zo daga inda na fito ba ya wasa da maganar makaranta.

Da Auta ta samu sakandaren gwamnati ta 'yan mata a kan hanyar Sabon Gari, da ƙafata na je wurin firinsifal. Ofishin cike da iyaye, kowa da kukansa, ita kuma waya a kunne. Na zayyana mata komai, har maganar sugan aljihu. Tana ta gyaɗa kai. "In sha Allahu za a kula, Mama." Daga baya na ji iyakar saƙon da ya isa wurin malamar ajinsu: yarinyar nan tana da ciwon suga, ki sa mata ido.

Malamar doguwa ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a Sabon Gari, lissafi take koyarwa. Ta kuwa sa ido. Auta takan dawo tana dariya ta ce Malama ta ja wa mai zoɓo kunne kada ta sayar mata, ta kori mai alawa daga gefen tagarsu. Na ce Allah ya yi mata albarka, an samu mai kula.

Ranar da abin ya faru damina ce, ciyawa ta cinye filin makaranta, aka ce kowace yarinya ta zo da fartanya. Auta tana cikin noma ta ji alamar. Ta ajiye fartanya, ta zaro ledarta. Malama ta hango.

"Kawo nan."

"Malama, magani ne."

"Suga ne magani? Ni za ki yi wa wayo? Kawo, ba a gabana za ki kashe kanki ba."

Auta ba halina ta ɗauko ba, na babanta ne. Ta miƙa, ta koma ta duƙa a kan ciyawa.

Ina kan keken ɗinki waya ta shigo. Murya ta ce, "Mama, ki zo maza, iska ta taɓa 'yarki." Ban san da wane takalmi na fita ba. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya sha zagi a hanya, bai yi mini laifin komai ba.

Na same ta kwance a tabarma a ofishin malamai. Warin tafarnuwa ya cika ɗakin. Malamin addini yana durƙushe yana yi mata karatu a kunne, Malama kuma ta riƙe ƙafafunta tana addu'a irin tasu, hawaye shaɓe-shaɓe. Wata ta tare ni da bayani, wai Auta ta zagi Malama kafin ta faɗi, shi ya sa suka tabbata ba ita ba ce ke magana. A makarantun 'yan mata faɗuwar aljanu ba labari ba ne, kowa ya san abin da ake yi, shi suka yi. Ni ma ban musa aljanu ba. Amma na ga hijabinta sharkaf da zufa, na ga yatsunta suna rawa, na san wannan baƙon.

"Ina suganta?"

Ban tsaya jiran amsarsu ba.

Ni ma jakata ba ta rabuwa da shi. Na kira Auta, ta yi gurnani, idonta a buɗe, tana haɗiye miyau. Dama nas ɗin asibiti ta ce in tana iya haɗiya a ba ta, in ta suma kada a ɗura mata komai, a ruga asibiti. Na dama ƙwayoyin a kofin wani malami, na tallabo kanta. Sai na ji an damƙe mini hannu.

"Mama, don Allah! Ciwon suga ne da ita! Za ki kashe ta!"

"Malama, sake ni ko in karya hannun nan."

Malamin addini ya ɗago. "Hajiya, a bari in ƙarasa mana."

"Ƙarasa, Malam, ban hana ka ba. Kunnenta naka ne, bakinta nawa ne."

Na riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Shi yana karatu, ni ina ba ta, Malama ta koma bango ta rufe fuska. Can sai rawar ta lafa. Auta ta ƙifta ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Umma, ina takalmina ɗaya?"

Daga nan asibiti muka wuce. Suka duba, suka ce mun tsallake.

Babanta direba ne, mutum mai sanyi, amma in ya yanke magana ya yanke. Da ya ji yadda aka yi, ya ce, "Ta gama boko. Ban haife ta don a kashe mini ita a kan ciyawa ba. Ga Islamiyya nan bayan gida, in ta yi tari za mu ji."

Na ce, "Malam, yarinya ce mai ƙwaƙwalwa."

"Mai ƙwaƙwalwa da rai ake so. Ke ba da girmanki kika yi karatun ba? Ita ma ta yi."

Wannan maganar ta shige ni. Na ce, "Ka ga na yi, ba ka ga abin da ya wuce ni ba." Ya ɗauki hularsa ya fita. Ban iya cewa ƙarya yake ba. Da na makara a hanya, da yanzu wani labarin ake.

Auta ta wanke kayan makarantarta ta shanya. Suka bushe, ruwa ya sake jiƙa su, suka sake bushewa, ba ta kwashe ba. Ni kuma ina ta tara maganganun da zan je in sauke wa Malama a gaban kowa. Har na tsara wadda zan fara da ita.

Ta riga ni. Ranar Lahadi bayan sun taso coci sai ga ta da sallama, da ɗaurin ɗankwalinta na zuwa ibada. Na amsa, ban shimfiɗa mata tabarma ba. Ta buɗe jaka ta fito da ledar Auta. Sugan ya narke ya sake daskarewa, ya zama curi guda.

A tsaye ta ba ni labarin. Mahaifiyarta ta yi ciwon suga da tsufanta. Tsohuwar takan ɓoye suga a ƙarƙashin filo don kokonta na safe, su kuma 'ya'yan suna gani suna kau da kai, wai tausayi. Daga ƙaramin miki a yatsa aka yanke ƙafa, bayan ƙafa ba ta daɗe ba. Ta ce, "Mama, a kan kabarinta na yi alkawari ba zan sake kau da kai ba. Da na ga yarinyar nan da leda, mamana na gani."

Maganganun da na tara ba su gudu ba, suna nan a maƙogwarona. Amma na ga ba su da wurin sauka. Matar nan ba sakaci ta yi ba. A duk makarantar ita kaɗai ce ta damu da 'yata har ta kai ga cutar da ita.

Na ce, "Malama, kukanki ba zai mayar da ita aji ba. Zauna."

Na nuna mata tukunya. Auta ta huda yatsarta a gabanta, muka duba lamba tare. Na gaya mata abin da aka gaya mini, sannan na ce kada ta tsaya a kan maganata, ta bi mu asibiti ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Ta kuwa je. Ta tsare nas ɗin nan da tambayoyi har layi ya fara gunaguni.

Bayan haka ta nemi ganin baban Auta. A zaure suka yi magana, ina bakin ƙofa. Ta ba da haƙuri, ta ce yanzu ta gane, ta ɗauki nauyin Auta a wuyanta. Ya saurare ta har ta gama.

"Na gode, Malama. To ranar da ba ki zo aiki ba fa? Ranar da aka yi miki canjin makaranta fa?"

Tambayar gaskiya ce. Makarantar ba nas, akwatin maganinsu auduga ce da filasta, aji ɗaya kuwa in malami ya shiga ba ya ganin bangon baya don yawan kawuna. Ran yarinya a rataye a wuyan mutum ɗaya, mutumin kuma na gwamnati ne, gobe ta ɗauke abinta.

Daga bakin ƙofa na ce, "Ni ba a yi mini canji. Duk malamin da aka kawo, zan je in same shi."

Ya ce, "In ta sake faɗuwa, kada ki ce mini komai." Na ce na ji. A yammacin nan Auta ta kwashe shanyarta ta kai wa mai guga.

Firinsifal ba ta yarda a ci abu a aji ba. Ta ce, "Mama, in na bar ɗaya, kafin Juma'a duk ajin sun kamu da ciwon suga." Na yi dariya ban so ba, don na san 'yan matan. Aka tsaya a kan Auta ta koma bencin bakin ƙofa, in ta ji alama ta fita ba neman izini, abokiyar zamanta ta bi ta. Malama ta tara sauran malamai ta yi musu bayani da bakinta, har da abin da ta yi, ba ta rage ba. Ta ajiye kwalin suga a durowarta, kiyashi suka gama da shi a mako, ta koma gwangwani mai murfi. An so a ɗauke wa Auta aikin ciyawa, ita ta ƙi, ta ce ba za a mai da ita tsohuwa ba. Sai dai ta ci wani abu kafin ta ɗauki fartanya. Malamin addini kuwa in ya hango ni a harabar sai ya kama kunnensa ya ce, "Hajiya, rabona yana nan dai ko?"

Da shekara ta juyo aka mayar da Malama wata makaranta wajen Basawa. Baban Auta kallona kawai ya yi. Na ɗauki mayafi. Haka na riƙa yi duk farkon shekara, da gwangwani a jaka. Wani malamin ya saurara, wani yana duba agogo, wata ta ce mini ita ma kakarta ganyen shuwaka ya warkar da ita, in gwada. Ba na tashi sai mutum ya maimaita mini abin da zai yi in ya ga zufa da rawar jiki. An ce ina da fitina. Ban musa ba.

Bana Auta ta shiga ajin ƙarshe. Muna isa bakin ofishin malamai ta karɓi gwangwanin daga hannuna.

"Umma, tsaya a nan. Ni zan faɗa."

"Ke da ba a jin muryarki?"

"Ki dai tsaya."

Na tsaya a gindin dalbejiya, hannuna ba komai, ban san inda zan sa shi ba. Ta taga nake hangen su. Ta ajiye gwangwanin a gaban sabuwar malamar, ta zaro ledar aljihunta ta ɗora a gefensa. Na ga malamar ta miƙa hannu za ta ɗauki ledar. Auta ta dafe abarta. Har inda nake na jiyo ta.

"Gwangwanin naki ne, Malama. Wannan ba a karɓa."

Da yamma babanta ya dawo, yana cire takalmi ya ce, "An yi?"

Na ce, "An yi. Ban ma shiga ba."