Ƙusa Mai Zane Uku: Jinjina ga Nishibori Masuo

Ƙarfe bakwai na safe Nishibori Masuo yake jingine kekensa a bayan ofishin masunta, ya buɗe rumfar da muke kira gidan tarihi don dai a fita kunyarta. Ya ɗora ruwan shayi, ya sauya ruwan bahon da ƙarafa ke jiƙe a ciki, ya zauna da tsohon buroshin haƙori. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Duk abin da koma ta jawo daga Tafkin Biwa na ƙasar Japan wanda ba kifi ba, wurinsa ake kaiwa. Ƙarshen watan Maris zai miƙa makulli.

Kafintan jirgi ne, gadon kaka da kakanni, har aka koma jiragen roba sana'ar ta mutu a hannunsa. Ido ne ya rage masa. Ba shi ƙusa mai tsatsa, ya juya ta sau biyu ya faɗa maka gidan da ya ƙera ta, domin kowane gida da alamarsa a wuyan ƙusa. Daɗin baki kuwa bai gada ba. Wani masunci ya taɓa kawo masa baƙin ƙarfe, yana rantsuwa ɓarin tukunyar jirgin tururi ne.

"Tukunya kam tukunya ce," in ji Masuo. "Ta dafa kifi. Kai wa matarka."

Shekara biyu da suka wuce ruwa ya ja baya ƙwarai, masunta suka hango haƙarƙarin jirgi a ƙasa. Kowa ya ce Kasumi Maru ne, ƙaramin jirgin tururin da ya nutse da mutum goma sha tara tun zamanin Sarki Meiji, sama da shekara ɗari ke nan. Labarin da muka tashi da shi, tsere yake yi da wani jirgi, sai mai hura wutar Kasumi Maru, wani Fukae, ya ɗaure murfin sakin tururi da waya, tukunya ta fashe. Tun daga nan ba a sa ɗan gidan Fukae a jirgin bikin bazara. "Kada ku ba Fukae ashana," haka ake cewa, wai wasa ne.

Fukae Toshie, 'yar wannan gida, mai sayar da awara, shekararta tamanin da uku tana jin wasan nan. Ta zo rumfar da sandarta.

"Masuo-san, in ka ga wayar kada ka ɓoye min. Na wuce a lallashe ni."

"Ban iya lallashi ba, Toshie-san. Tambayi matata."

Masu nutso suka ɗauko hotuna, da murfin, da katakai shida. Kwana arba'in Masuo yana goge tsatsa. Jirgin Kasumi Maru ne, babu shakka. Amma tukunya tana nan lafiya lau, ko tsaga babu, murfin kuma ba waya a jikinsa. Katakan gindi ne suka rabu, saboda an haɗa su da ƙusoshin da suka gaza tsawo da yatsa biyu. A wuyan kowace ƙusa akwai zane uku, alamar gidan Nishibori, wato gidan su Masuo.

Ukai, shugaban masunta, wanda suka yi firamare tare, ya ja shi gefe.

"Kai Masuo, wa ya tambaye ka? Ka wanke Fukae, ya isa. Duk garin nan wa ya iya karanta ƙusa in ba kai ba?"

"To ai shi ya sa," in ji Masuo.

A taron gari ya jera ƙusoshin a kan tebur, ya faɗi tsawonsu, ya faɗi tsawon da ya kamata, ya faɗi gidan da ya buga su, da muryar da yake karanta awon katako. Sannan ya juya wurin Toshie ya sunkuya don neman gafara, ya daɗe bai ɗago ba. Na ji kunya ranar, domin ni ma na sha yin wasan ashana.

Da bazara ta zo, shi ya riƙe hannunta ta shiga jirgin biki. Ta ƙwanƙwasa gefen jirgin da sanda.

"Wannan ba aikin gidanku ba ne ko?"

"Roba ce, Toshie-san. Zauna abinki."

Kai ne mai ido, Masuo-san. Kai kaɗai ka san abin da ƙusar ta ce, kuma da ka yi shiru, da shirun ya bi ka kabari ba wanda ya sani. Mun gode. Wanda duk aka ba amanar wani sani da ba kowa ke da shi ba, ya je rumfar nan ya duba akwatin gilashin da ke kusa da ƙofa. Ƙusa goma sha ɗaya ce a ciki, da 'yar takarda da rubutun hannunsa: "Sun gaza tsawo. Aikin gidan Nishibori."