Hannun da Ke Kan Nawa

Ina bakin shagona a Kurmin Mashi, ina yi wa wata taya faci, maƙwabcina Malam Sani direba ya tsaya a kaina, bai ko yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya ce, "Baban Alheri, sai haƙuri. Fastonku ya cika." Ni da aka sani da dariya ko a gidan makoki, ranar sai na ajiye tayar na yi kuka.

Baba Fasto Ishaya ba mai tsawa ba ne a wa'azi. Mu 'yan bencin baya har kunne muke karkatawa. Na taɓa ce masa, "Baba, a saya maka lasifika mana, ko Shaiɗan ya san kana gari." Ya yi murmushi ya ce, "Bitrus, ikon ba a maƙogwarona yake ba. Aro aka ba ni, kuma Mai shi ba kurma ba ne."

Da farfaɗiya ta fara kayar da 'yata Alheri, dangi suka matsa in kai ta wurin wani mai addu'ar warkarwa da ihu da man shafawa. Baba ya ce asibiti tukuna, ya kuma raka mu da kansa. Daga nan duk lokacin da ta faɗi, sai in aika a kira shi. Yana zuwa ba ya fara taɓa ta. Sai ya kamo hannuna, da baƙin taya da komai, ya ɗora a kanta, sannan ya ɗora nasa a kan nawa.

"Baba," na ce, "ni da na tsaya a aji huɗu? Sunayen cikin Littafi Mai Tsarki ma tsallake su nake yi."

"Kai aka ba wa ita," ya ce. "Ni rakiya nake yi."

Na ɗauka karamci ne irin na tsofaffi. Ban gane horar da ni yake yi ba.

Washegarin jana'iza, da hantsi, Alheri ta faɗi a tsakar gida. Na buɗe baki in ce a kira Baba, sai na tuna. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na juyar da ita ta gefe yadda likita ya nuna, na durƙusa, na ɗora hannu. Bayan hannuna sanyi, babu kowa a kai. Addu'ar ma ta tsere mini, sunan Yesu kawai nake maimaitawa.

Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Baba, hannunka rawa yake yi."

Na ce, "Na sani, uwata. Amma ba zan ɗauke ba."

Har yau tsoron bai sake ni ba. Ubangiji Ya ji ƙan bawansa Ishaya, Ya ba shi hutawa. Ya ta'azantar da Mama matarsa da 'ya'yansu da ikilisiya. Mu kuma da Baba ya bari da hannu ɗaya, Ya ɗora mana nasa.