Gwaggo Turai da Jam'iyyar Ludayi

Gwaggona Turai ba ta yi boko ba, amma a ƙauyenmu na bayan Dangora ita ake kira in naƙuda ta tashi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne rafin da ke tsakaninmu da titi. Da damina, in haihuwa ta zo da gardama, sai dai a zauna bakinsa ana jiran ruwa ya janye. Mata uku ta rufe wa ido a wurin.

Bayan dawowar mulkin farar hula, wata 'yar jam'iyya mai alamar ludayi ta ɓullo. Ɗan takararta na kansila, Abdulganiyu, ya ce gada zai sa a gaba. Gwaggo ta shiga da ƙarfinta, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Gida-gida take bi da shuni a murfin gwangwani, tana koya wa mata dangwale. "Kar ku dubi rubutu," in ji ta. "Ludayi za ku nema. Ko da kuskure kar yatsa ya taɓa wani wuri." Wata biyu babban yatsan kowace mace shuɗi ne, har muna tsokanarsu wai marina ta dawo cikin gida.

Jam'iyyar ba ta cika shekara biyu ba. Kafin zaɓe aka soke rajistarta, Abdulganiyu ya koma wata babba ya tsaya a can. Maza sun ji a rediyo, sun tattauna a dandali, kowa ya canja hula. Ba wanda ya tuna ya shiga cikin gida ya faɗa. Har yau abin na ci mini rai, don ni ma ina cikin mazan nan.

Ranar zaɓe mata suka yi layi a firamare. Zuwaira, matar maƙwabcinmu mai ƙaramin ciki, ita ta fara karɓar takarda. Can ta leƙo.

"Gwaggo, babu ludayi."

"Duba da kyau, 'yar nan."

Gwaggo ta karɓi tata, ta juya gaba ta juya baya, ta dubi malamin zaɓe. "Ɗana, ina ludayin?"

"Inna, ai babu jam'iyyar nan yanzu."

Na zo a guje ina kwatanta musu sabuwar alamar. Ba wadda ta dube ni, Gwaggo suke kallo. Ita kuwa ba ta taɓa ganin alamar ba, balle ta nuna wa wani. Ta zauna a dakalin aji. Matan suka ninke takardunsu farare suka jefa a akwati, don an ce kar yatsa ya taɓa wani wuri.

Abdulganiyu ya faɗi da tazarar da ba ta kai rabin layin matan ba. Gwaggo ba ta taɓa yi mana gori ba, da ma ta yi.

Da damina ta zagayo, haihuwar Zuwaira ta zo da gardama, Gwaggo ta zauna bakin rafi da ita tun hantsi, tana riƙe da hannunta. Ruwa bai janye ba sai bayan la'asar. A lokacin babu sauran gaggawa, Gwaggo ta riga ta rufe mata ido.