Sarkin da Ya Koma Lungu Lokacin La'asar

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da wasan ƙarshe na gasar ces ta unguwanni, wato darar nan ta Turawa, da muka buga a wata rumfa a Unguwar Sarki.

Wanda ya kafa ƙungiyarmu wani dattijo ne mai gyaran keken ɗinki a Babbar Kasuwa. Ya iya wasa ƙwarai, sai dai yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Da zarar ladan ya ɗaga murya da la'asar, ko wuta ake yi a kan allo, sai ya tura sarkinsa lungu ya miƙe. "Ba a tafiya sallah a bar sarki a tsakar gida," in ji shi. Mun sha yi masa tsiya, don ni kaina ban taɓa cinye shi ba sai ta nan: ya kai sarki lungu, sojojinsa su tare masa hanya, na kawo doki na rufe shi.

Ana saura wasa ɗaya a gama gasa Allah ya yi masa rasuwa. Aka ce ni zan hau kujerarsa. In na faɗi, ƙungiyar da ya bari ta fita daga gasar ke nan.

Abokan karawarmu 'yan Hayin Banki ne. Ba su cika ba, dokar shekarar kuwa ta yarda kwamfuta ta cike gurbi. Ita aka haɗa ni da ita. Sakatarensu, wani baƙo da bai taɓa ganin marigayin ba, shi ke duba ta yana motsa mata 'ya'ya.

Wallahi ta yi mini wankin babban bargo. Na yi gumi har rigata ta manne. Saura ƙiris ta gama da ni sai aka kira la'asar.

Sakataren ya duba kwamfutar, ya tsaya, ya sake dubawa. Sannan ya ɗauki sarkinta ya tura shi lungu.

Nan take marigayin ya faɗo mini a rai.

"Malam, wa ya ce ka yi haka?" na tambaye shi.

"Ita ta ce. Ni ma ban gane ba, wannan ai ɓarna ce." Ya juyo mini da ita na gani da idona.

A masallaci ban san me na karanta ba, Allah ya yafe mini. Da muka dawo, ga sojojinta sun tare wa sarki hanya, ga dokina yana jira. Na kawo shi na rufe sarkin, na cinye wasan. Ba wanda ya yi tafi.

Daga baya masana suka ce wataƙila ta koya ne daga wasannin mutane a intanet. To, marigayin ko waya mai latsawa bai taɓa riƙewa ba. Sakataren ya sake jera mata wasan a gida, ya ce ba ta ƙara taɓa sarkin ba.

Na daina neman bayani. Abin da na koya shi ne, ɗabi'ar da muke yi wa mutum dariya a kanta, sau da yawa ita za mu fi kewa in ya tafi. Yanzu in aka kira la'asar, nakan kai sarkina lungu kafin na tashi, ko da hakan zai sa a cinye ni.